Da Me Mai Jinyar Masu Taɓin Hankali Zai Kare Lasisinsa?

Kowace sana'a da abin da mai ita yake tsoro. Direban babbar mota yana tsoron gangara cikin dare, ɗan kasuwa yana tsoron gobara, manomi kuwa ba abin da ke tayar masa da hankali kamar ɗaukewar ruwa gero na cikin fid da kai. Mu da Allah ya ɗora wa jinyar masu taɓin hankali, jama'a sun ɗauka abin da muke tsoro shi ne duka ko cizo daga majiyyaci. To, duka kam mun sha, cizo ma ga tabonsa nan a hannuna na hagu, amma waɗannan duk kwana biyu ne sun warke. Abin da ke hana ma'aikacin ɗakinmu barci wata 'yar takarda ce mai hatimi, wadda masinja kan kawo da hantsi, a ce wane, ana nemanka gaban kwamiti, an kai ƙararka.

Na yi shekara 35 ina aikin jinya a Jihar Bauchi, fiye da 20 daga cikinsu a ɗakin masu taɓin hankali, kafin in ajiye aiki. Tun da na zauna gida, da wuya wata ya wuce wani daga cikin yaran da suka yi aiki a ƙarƙashina bai yi sallama a zaurena ba, kuma bayan gaisuwa tambayarsu ɗaya ce: "Baba, yaya mutum zai yi ya gama aikin nan lafiya, lasisinsa na hannunsa?" Shi ya sa na ga ya kyautu in ba da amsa a fili, don na Azare da na Ningi da na Misau su ji, na sauran jihohi su ji, jama'a kuma da ke kawo mana 'yan'uwansu su san inda hakkinsu yake.

Da farko bari in bayyana wa mai karatu abin da ake nufi da lasisi, domin mutane da yawa suna haɗa shi da takardar shaidar makaranta. Ta makaranta taka ce har abada, ba mai karɓe ta. Lasisi kuwa aro ne, hukuma ta ba ka bisa sharaɗi, kuma tana iya karɓe abinta. Likitoci suna ƙarƙashin Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda asalinta ya faro cikin 1963, aka sake mata doka cikin 1988, kuma kowace shekara suke sabunta nasu. Mu ma'aikatan jinya muna ƙarƙashin Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, muna sabunta namu shekara uku-uku bayan mun halarci kwas na ƙaro sani. Kowace majalisa tana da kotunta ta ladabtarwa. A wajen likitoci matakin biyu ne. Akwai kwamitin bincike, shi ke karɓar koken da aka rubuta bisa rantsuwa, ya aika wa likita ya ba da amsa. In kwamitin ya ga akwai abin tuhuma, sai ya miƙa maganar ga kotun ladabtarwa, ita kuwa tana iya yi wa likita gargaɗi, ko ta dakatar da shi har tsawon wata 6, ko ta soke sunansa daga rajista ɗungum. Wanda bai yarda da hukuncin ba yana da kwana 28 ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wanda aka soke sunansa kuwa, karatun shekara da shekaru ya zama ado a bango, ga iyali suna jiran cefane.

A da can ba mai tunanin mai taɓin hankali zai kai ƙarar kowa. A zamanin Turawa tsare shi ake yi, magani kuwa sai abin da ba a rasa ba. An buɗe gidan tsare su na Yaba a Ikko cikin 1907, aka kafa dokar mahaukata cikin 1916, aka sake mata riga cikin 1958. Dokar nan ta ba likita da majistare ikon tsare mutum, amma ba ta damu da abin da shi wanda aka tsare yake so ba. Nan Arewa ma sau da yawa gidan yarin En'e ne makomar irin waɗannan bayin Allah. Wanda ya fara nuna wata hanya shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abekuta, cikin 1954. Ya zaunar da majiyyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani ɗan'uwansa, da rana su zo a duba su, da yamma su koma cikin jama'a. Aikin nan ya yi suna a duniya, har daga baya Lambo ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka doka ta zauna yadda Turawa suka bar ta, sai cikin watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Ita ce ta ba majiyyaci hakkin a yi shawara da shi kan maganinsa, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da shi ba da yardarsa ba, ta taƙaita ɗauri da kullewa, ta hana a wulaƙanta shi wajen aiki ko wajen haya saboda ciwonsa. Kafin ita, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta riga ta wajabta wa asibitoci ajiye bayanan majiyyaci da riƙe sirrinsa, ta kuma ba kowa damar kai ƙara in an cuce shi. Ga wayar hannu a aljihun kowa, ga gidajen rediyo masu filin koke-koke. Saboda haka ƙara sai dai ta ƙaru, ni kuwa ban ga aibin haka ba.

Amma fa akwai dalilin da ya sa ɗakinmu ya fi sauran ɗakunan asibiti jawo ƙara. Mai ciwon ciki shi ke kawo kansa, yana roƙo a taimake shi. Namu kuwa sau da yawa kawo shi ake yi yana tirjiya, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, kuma duk wanda ya taɓa shi a wannan hali abokin gaba ne a idonsa. Maganin da muke ba shi yana da illolin da ke firgita wanda bai saba gani ba. Daɗin daɗawa, a ƙasarmu aure da gado da sarauta da aikin gwamnati duk suna iya rataya a kan kalma ɗaya, watau ko mutum yana da hankali ko ba shi da shi. Inda dukiya da mutunci suka haɗu kuwa, ba a rasa mai neman jan ma'aikacin asibiti cikin rigimar da ba tasa ba.

Ni kaina na taɓa zama gaban kwamiti, kuma abin da na koya a can shi ne jigon wannan rubutu. Wata shekara da damina aka kawo mana wani malamin makarantar firamare daga wani ƙauye na kudancin Bauchi, a bayan a-kori-kura, ɗaure hannu da ƙafa da igiyar guga. 'Yan'uwansa uku suka kawo shi. Sun ce kwana 6 bai runtsa ba, ya rabar da kayan ɗakinsa, yana ta surutu a kasuwa, har ya fasa wa ƙanensa kai da taɓarya. Likita ya duba shi, ya rubuta allura, ya ce a kwantar da shi. Ni ne babba a ɗakin ran nan. Na sa aka kwance igiyar, kwancewa ke da wuya sai ya yi kan wani tsoho da ke gadon kusa da shi. Dole muka riƙe shi, muka ɗaure shi a gado da ƙyalle mai taushi har minti 40, allura ta kama shi, muka kwance. Ya yi mako 5 a wurinmu, ya warke sarai, ran sallama har ya ba ni hannu biyu yana sa albarka.

Bayan wata 4 sai ga takarda. Koke ne shafi 6 cikin kyakkyawan Turanci, zuwa ga shugaban asibiti, da kwafi zuwa sama. Malamin ya ce an tsare shi ba da yardarsa ba, ya ce ni na ɗaure shi har igiya ta yanke masa wuyan hannu, ga tabo nan shaida. Mafi muni, ya ce na haɗa baki da 'yan'uwansa, domin da ya koma gida ya tarar sun sayar da gonarsa ta gado, suna gaya wa mai unguwa wai asibiti ta tabbatar ba zai ƙara yin hankali ba.

Wata 7 na yi ina jiran a zauna. Aka ɗauke ni daga ɗakin majiyyata aka mai da ni wajen ba da kati, ƙarin girman da nake sa rai ya tsaya cik. Bauchi kuwa gari ne da magana ba ta kwana, kafin mako guda labari ya kai daga Wunti har Yelwa, an ƙara masa gishiri, wai na ci kuɗin gona. In na iso majalisarmu ta bayan la'asar sai in ji an sake zance. Masu ba da shawara kuwa ba su ƙare ba. Wani ya ce in nemi wani babban mutum ya buga waya a kashe maganar. Wani ya ce in ɗauki dattawa da ƙwaryar goro mu tafi ƙauyen mu ba malamin haƙuri ya janye. Wani abokin aiki ya ja ni gefe, ya ce tun da fayil ɗin bai bar ɗakin ajiya ba, me zai hana in sake rubuta shafin ranar, in cire maganar ɗaurin baki ɗaya? Na gode wa kowa, na ƙi duka. Wayar babban mutum ba ta wanke suna, sai dai ta binne magana da ranta. Zuwa gidan mai ƙara, ko da goro ne a hannu, gobe sai a ce matsa masa aka je yi. Sake rubutu kuwa laifi ne da ya fi wanda ake tuhumata da shi girma, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne.

Ran zama mutum biyar ne a kan tebur, ga malamin a gefe, ga ni a gefe. Aka kawo fayil ɗinsa da littafin rahoton ɗaki. A ciki akwai lokacin da motar ta iso. Akwai zanen hannu da ƙafa da na yi, na nuna inda igiyar guga ta ci fata, na rubuta kafin kowa a cikinmu ya taɓa shi, likita ya sa hannu, babban wansa ya dangwala yatsa. Akwai lokacin da muka ɗaure shi da dalilin ɗaurin, da sunan likitan da ya yarda, da awon bugun jininsa kowane minti 15, da lokacin da muka kwance. Sa'an nan a rahoton kwana na 12 akwai layi biyu da hannuna, cewa wan majiyyaci ya zo ya nemi a ba shi takardar shaidar ƙanensa ba zai warke ba, an hana shi, an sanar da likita. Shugaban kwamitin ya karanta layukan nan sau biyu da ƙarfi. Malamin ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce komai ba, da ya ɗago sai ya roƙi a ba shi kwafin wannan shafi. Kwamiti ya wanke ni, aka mai da ni bakin aikina. Shi kuwa da shafin nan ya tafi gaban alƙali neman gonarsa.

To, jama'a, a lura da wannan. Rubutun da ya kare ni, shi ne kuma ya kare wanda ya kai ƙarata. Malamin nan ba maƙaryaci ba ne. An ɗaure shi da gaske, an ji masa ciwo da gaske, an ci gonarsa da gaske, abin da ya ɓace masa kawai shi ne wa ya yi wanne, domin a lokacin hankalinsa ba ya tare da shi. Cikin watannin jiran nan mutum nawa suka ce mini, "Kwantar da hankalinka, wa zai saurari mahaukaci?" Wannan magana ita ce na fi ƙi a duk abin da na ji. Ranar da aka daina sauraren koken majiyyatanmu don ciwonsu, ranar ɗakinmu ya koma gidan yarin En'e. Ma'aikacin da yake so ya tsira da lasisinsa, hanyarsa ita ce ya tsare hakkin majiyyaci tun daga ƙofar shiga, ya kuma bar shaida a rubuce cewa ya tsare.

Wata tsohuwar sista ce ta hore mu da rubutu muna samari. Takan tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, ba mai fita sai ta karanta rahotonsa, tana cewa, "Ɗana, kwamiti ba ya karɓar na rantse." Daga gare ta na koyi a rubuta abu a lokacinsa, da ƙarfe nawa ne, ba a bari sai gobe. A rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Kada ka ce majiyyaci ya yi hauka yau, ka ce ya jefi taga da kujera da ƙarfe 3, ya ce murya ce ta umurce shi. In alƙalami ya zame, ka ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, ka sa hannu, kada ka kankare. In fayil ya ƙare a asibiti, kamar yadda yakan ƙare, ka sayi littafin 'yan makaranta da kuɗinka, ka sa shugaban ɗaki ya buga masa hatimi. Kuɗin littafin bai kai na kwanon shinkafa ba.

Akwai shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli wadda ta nuna ƙarfin takarda. Cikin 1991, a Inugu, wata mata mai jego 'yar ɗariƙar Shaidun Jehobah ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda aƙidarta. Ita da mijinta suka ba Dokta John Okonkwo ƙin yardarsu a rubuce, ya ci gaba da yi mata magani ba ƙarin jini, ta rasu. Kotun ladabtarwa ta likitoci ta same shi da laifi, ta dakatar da shi wata 6. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, cikin 2001 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da sokewar, ta ce baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani ko da ransa ne a kai. Shekara 10 likitan ya yi cikin wannan rigima, takardun nan kuwa suna cikin abin da ya tsaya masa. A ɗakinmu maganar ta fi haka sarƙaƙiya, domin ran da aka kawo majiyyaci mai yiwuwa ba ya iya yanke wa kansa shawara. Amma taɓin hankali ba dawwamamme ba ne a kan yawancin mutane. Dangwalen wa ko na uba na ranar farko ne kaɗai. Da zarar majiyyaci ya dawo hayyacinsa, shi za a zaunar a yi wa bayani, a nemi yardarsa, a rubuta abin da ya ce, ko da bai yi wa 'yan'uwansa daɗi ba.

Rami na biyu da na ga ya cinye ma'aikata shi ne baki. A garuruwanmu ba a ɗaura aure sai an yi bincike, kuma a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, hauka yana cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure. Saboda haka duk wanda ya yi aiki a ɗakinmu ya san irin sallamar da akan yi masa bayan isha. Ni ma an yi mini. Wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya san ni tun ina rarrafe, ya zo har zaure, ya ce, "Ɗana, yaron gidan wane ke neman ƙanwarka. An ce an taɓa ganinsa wajenku. Ba na son dogon bayani, ka ɗaga mini kai kawai ko ka girgiza." Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Da ƙanwar tawa ce aka taɓa kawowa, wani ya zo ya tambaye ni, me za ka so in yi?" Ya yi shiru. Na ce masa hanya tana nan a buɗe, ya kira yaron da waliyyinsa ya tambaye su, in akwai abin faɗa kuma yaron ya yarda a rubuce, likita zai yi bayani gaban kowa. Ya tashi ba da daɗin rai ba, ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata da ƙyar. Na san wanda ya ɗaga kai a irin wannan zama don kunyar babba, aure ya watse, dangin yaro suka bi sawu har suka gano bakin da maganar ta fito, ya ƙare gaban kwamiti ba shi da abin cewa. Dokar 2014 ta bayyana ƙofofin da sirri ke fita: yardar majiyyaci a rubuce, ko umurnin kotu, ko inda wata doka ta wajabta, ko inda yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Kunya da zumunci ba sa cikinsu. Ko a Amurka sai da aka kai ga kotu a kan iyakar sirrin nan. Cikin 1969 wani ɗalibi a Kalifoniya ya gaya wa mai duba shi zai kashe wata yarinya, ba wanda ya gargaɗe ta, ya kuwa kashe ta. Cikin 1976 babbar kotun jihar ta yanke cewa in rai na cikin haɗari wajibi ne mai magani ya ɗauki matakin kare shi. In irin wannan ta taso maka, kada ka yanke kai kaɗai, ka kai wa likita da shugabanka nan take, ka rubuta.

Rami na uku magani ne. A unguwa duk mai farin kaya likita ne, kuma sunan yana da daɗin ji. Amma ma'aikacin jinya da ya buɗe ɗaki a gidansa yana rubuta maganin ƙwaƙwalwa, yana bin gidaje da allurar wata-wata ba da umurnin likita ba, ya ɗora lasisinsa a kan tsinin allurar. Magungunan nan ba abin wasa ba ne. Haloperidol yakan sa wuya ya karkace, harshe ya fito, idanu su kakkafe sama. Iyayen da ba a gaya wa ba sai su ce an yi wa ɗansu allurar kuskure, ko su ce aljanu sun motsa, alhali ƙwayar Artane ko allura ɗaya tana warware shi. Minti 5 na bayani ran farko, da Hausar da tsohuwa za ta gane, ya hana ƙarar da za ta ci wata 5. Akwatin magunguna masu sa maye kuwa, irin su diazepam da pentazocine, mabuɗinsa a jikinka, lissafinsa a rubuce, a ƙirga gaban mai karɓar aiki. Tun da Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin cikin 2018 ido ya ƙara buɗewa a kan wannan, kwalba ɗaya in ta ɓace ba kwamiti kaɗai za ka gani ba.

In kuwa duk da haka takarda ta zo, to, kada ka sa ta ƙarƙashin matashi. Ka amsa cikin kwanakin da aka ba ka, a rubuce, gajere, ba zagi ba rantse-rantse. Ka sanar da ƙungiyarka, ta ma'aikatan jinya ko ta likitoci, ka nemi lauya tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi a ba ka kwafin koken da duk abin da za a kafa hujja da shi, hakkinka ne. Tun cikin 1968, a shari'ar Dokta Denloye, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kotun ladabtarwa, ta nuna cewa tuhumar da ta kai ga laifin da doka ke hukuntawa kotun ƙasa ce za ta fara jinta. Kada ka kare kanka a rediyo ko a Facebook, domin ba yadda za ka yi ka wanke kanka a can ba ka tona sirrin majiyyaci ba, ka ga an ƙara tuhuma a kan tuhuma. Ka tabbata lasisinka sabuntacce ne, domin shi ne abin da za a fara tambaya.

Sai dai akwai wani abu da ya fi damuna a kan duk waɗannan, shi ne abin da tsoro ke sa ma'aikaci ya yi. Na ga yaran da, don gudun ƙara, da sun ga an shigo da mutum ɗaure sai su ce ba gado, a tafi Barnawa a Kaduna, ko Maiduguri, ko Dawanau a Kano. Talakan da ya sayar da akuya ya kawo ɗansa daga Darazo, ina ya ga kuɗin motar Maiduguri? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, bisa ga abin da ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su kai 300 ba, ga mutane sun haura miliyan 200. Wanda muka kora daga ƙofar asibiti gidan mari zai nufa. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna cikin watan Satumba na 2019, mutane wajen 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, muka kuma ga irinsa a Daura wata guda bayan haka. Masu irin waɗannan gidaje ba su da lasisin da za a karɓe, ba su da littafin rahoto, ba kwamitin da wanda suka ɗaure zai rubuta wa. Lasisin da ke hannunmu, da kwamitin da muke tsoro, su ne bambancinmu da su. Ma'aikacin da ya tsare takardarsa ta hanyar korar majiyyaci ya tsare takarda ne kawai, amanar da aka ba shi takardar dominta ta riga ta zube.

Ina roƙon hukumomin lafiya na jiharmu da na sauran jihohi su taimaka ta wajen da ya rataya a wuyansu. Ma'aikaci biyu ba sa iya riƙe ɗaki mai gado 30 cikin dare ba tare da wani abu ya faru ba. A wadata ɗakunan da fayil da takardun neman yarda cikin Hausa, a koya wa ma'aikata sabuwar dokar nan, a kuma riƙa gama bincike da wuri, domin wata 7 na jira hukunci ne tun ba a yanke hukunci ba. Jama'a kuma, wanda aka cuci ɗan'uwansa ya kai ƙara inda ya dace, a rubuce, da sunansa, ba laifi ba ne, gyara ne. Ku kuma 'ya'yana da ke bakin aiki, ku karɓi majiyyaci, ku kwance masa igiya, ku yi masa bayani, ku kame bakinku a kan sirrinsa, kada ku tashi daga aiki sai kun rubuta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa ku ma ku gama lafiya.